Likita ya ɗage aikin bayan Hajiya, Yayanmu kuma ya ce a fita da ita waje

Tambaya:

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu shekararta 64. Bayanta ya daɗe yana ciwo, yanzu kuma ta rankwafa gaba ta karkace gefe guda, ba ta iya tsayuwar minti goma sai ta nemi abin dafawa, ƙafarta ta hagu tana yi mata zugi. Likitan ƙashin baya ya ce sai an yi aiki, a miƙar da bayan a sa ƙarafa tun daga tsakiyar baya har ƙugu. Mun haɗa kuɗi da ƙyar, sai ya ce ba zai taɓa ta ba sai bayan wata uku aƙalla, wai sukarinta ya yi yawa, gwajin HbA1c ya nuna 9.4, kuma ƙashinta ba shi da ƙwari. Yayanmu, wanda shi ya ba da mafi yawan kuɗin, ya fusata, ya ce jan rai ne kawai, zai kai ta waje a yi mata cikin sati biyu. Ni ce ke zaune da ita, ni zan yi jinya, kuma ina jin tsoro don na ji ana cewa ƙarfen yakan kwance. Me zan yi don kada aikin nan ya zame mana matsala?

'Yar'uwarku daga Gusau

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri kan hidimar mahaifiya.

Ina bayan likitan nan. Ban ga Hajiya ba, shi ya gan ta, kuma abin da kika rubuto ya nuna mutum ne mai tsoron abin da ya kamata a ji tsoro. Likitan da ya ga kuɗi a hannu ya ce a dakata a gyara jiki tukuna, irinsa ake so ya riƙe wuƙa. Yayanku ma ba mugunta ce ta sa shi gaggawa ba, ganin uwa tana wahala ne ba ya iya jurewa, don haka bayani yake bukata, kuma ga shi zan ba ki abin da za ki faɗa masa.

Aikin gyaran karkatar baya a jikin babba yana cikin manyan ayyukan ƙashi. Yakan ci awa biyar, shida, har fiye, jini kuma yakan zuba da yawa. Wani bincike da ƙungiyar likitocin ƙashin baya suka yi a manyan asibitocin Amurka, aka wallafa a 2016, ya bi marasa lafiya na tsawon shekara biyu, ya tarar kusan bakwai cikin goma sun gamu da wata matsala aƙalla sau ɗaya, ƙarama ko babba. A Amurka ke nan, inda kayan aiki ba su yanke ba. Duk da haka da yawa daga cikinsu sun samu sauƙi sosai, sun miƙe, sun koma harkokinsu. Na kawo wannan ne don ku san cewa jirgi ba ya rage haɗarin aikin nan. Jikin da aka shirya shi ke rage shi.

Ga yadda aikin yake. Ana murɗa ƙusoshin ƙarfe cikin gaɓoɓin ƙashin baya, biyu a kusan kowace gaɓa, a ɗaure su da sandunan ƙarfe biyu, sannan a zuba ɓarɓashin ƙashi a tsakani. Ƙarfen riƙewa kawai yake yi kafin gaɓoɓin su manne su zama ƙashi guda, kuma wannan mannewa takan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. Idan ƙashin bai manne ba, ƙarfen ne zai ci gaba da ɗaukar nauyi kullum har ya gaji ya karye, ko ƙusoshin su yi lako-lako. Abin da kika ji ana cewa ƙarfe ya kwance ke nan. Ki tuna ƙusar da aka buga a azarar da gara ta ci: komai kyan ƙusar, ba abin da za ta riƙe. Ƙashin mace bayan ɗaukewar al'ada yakan zaizaye a hankali ba tare da ta sani ba, gwajin DEXA shi ke nuna hakan, kuma idan lambarsa ta kai 2.5 ƙasa da sifili an shiga abin da likitoci ke kira zaizayar ƙashi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi damun masu wannan aiki. Daidai inda ƙarafan suka ƙare ta sama, gaɓar farko da ba a ɗaure ba ita ke karɓar duk wani motsi da nauyi. Idan ba ta da ƙwari sai ta lotsa ko ta karye, mutum ya sake rankwafawa daga wurin, wani lokaci har laka ta matsu. A hoton ƙashi ana ganin wannan lanƙwasa ga mutum ɗaya zuwa biyu cikin biyar. Yawancinsu ba sa bukatar a sake buɗe su, amma waɗanda gaɓar ta karye musu sukan koma ɗakin tiyata, kuma abin ya fi aukuwa a watannin farko. Tsufa da raunin ƙashi suna kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shi. Saboda haka maganar ƙwarin ƙashi da likita ya kawo ita ce zuciyar al'amarin.

Ku tambaye shi wane magani zai ɗora ta a kai. Za a duba bitamin D a jininta, a ba ta shi da sinadarin kalsiyam idan ya yi ƙasa. Yawan ranar ƙasarmu ba ya hana tsohuwar da ciwo ya zaunar a ɗaka rasa bitamin D, don haka ki riƙa fito da ita tsakar gida da hantsi. Akwai magungunan da ke rage zaizayar ƙashi, akwai kuma allura mai suna teriparatide wadda ke gina sabon ƙashi, ana yin ta kullum a ƙarƙashin fata, kuma binciken da aka yi a Japan ya nuna tana rage kwancewar ƙusoshi. Tana da tsada, sai an ajiye ta a firij, kin kuwa san halin wutarmu. Ku yi wannan lissafi da likita a fili, ya zaɓa muku abin da za ku iya ɗorewa a kai.

Yanzu zan roƙe ki wani abu da ke kaɗai za ki iya. Ki tattara duk maganin da Hajiya ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har ƙullin garin da wata ƙawarta ta kawo mata, ki zuba a leda ki kai wa likita. Mai ciwon baya na shekaru da wuya a ce ba ta taɓa shan haɗin kemis ba, irin wanda ake ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar ba suna. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Suna sa mutum ya ji garau na ɗan lokaci, amma suna cinye ƙashi, suna tayar da sukari, suna hana ciwo warkewa, wato duk abin da ake gudu a jikin Hajiya. Idan ta daɗe tana sha kada ki yanke mata rana ɗaya, yin haka na da haɗari, likita ne zai rage mata a hankali, kuma dole likitan da zai sa ta barci ya sani. Diclofenac da ibuprofen kuma suna iya kawo cikas ga mannewar ƙashi, ban da illarsu ga ƙoda da ciki, don haka bayan aiki ba a shan su sai da izini. Idan tana shan tramadol ki faɗa, ba abin kunya ba ne, wanda jikinsa ya saba da shi yakan fi wahalar samun sauƙin zafi bayan aiki. Asfirin da sauran magungunan tsinka jini likita zai faɗi ranar da za a tsayar. Jiƙe-jiƙe da magungunan ganye a bar su aƙalla sati biyu kafin aiki, don wasunsu na ƙara zubar jini. Idan kuma tana taɓa taba ta kowace hanya, ko ta shaƙa ko ta sa wa a baki, a daina tun sati huɗu zuwa shida kafin aiki, kuma kada a koma, domin nikotin na hana ƙashi kamawa. Mai busa sigari a gidan ya fita waje da hayaƙinsa.

Maganar wata uku kuwa ba daga ka ya tsinto ta ba. Gwajin HbA1c yana nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, saboda ƙwayoyin jan jini kusan kwana 120 suke rayuwa. Ko yau aka daidaita sukarin Hajiya, sai an jira kafin gwajin ya nuna. Yawancin likitocin wannan fanni suna son ya sauko ƙasa da 8, wasu ma 7.5, kafin su yi aikin da ba na gaggawa ba. Dalili shi ne sukari mai yawa yana raunana garkuwar jiki, ɗinki ya ƙi kamewa, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Idan cuta ta kai ga ƙarfe takan manne masa, magani ya yi wuyar isa gare ta, sai a koma ana buɗewa ana wankewa, ga allurai na makonni. Wannan ya fi jiran wata uku tsada da wahala nesa ba kusa ba.

A cikin watannin nan ki ciyar da ita abin gina jiki: ƙwai, wake, kifi, nama gwargwadon hali, awara, nono ko kindirmo ba sukari, miyar kuka da zogale da riɗi. Tsofaffinmu da yawa koko da shayi da ɗan tuwo ne abincinsu, jiki kuwa ba ya ɗinke rauni da wannan. A duba yawan jininta, in ya yi ƙasa a gyara tun yanzu, kuma ku shirya masu ba da jini cikin dangi. Haƙorin da ke ciwo, ko ciwon sanyi na fitsari, ko gyambo a ƙafa, a magance su kafin ranar. Ta riƙa ɗan tattaki kullum ko da sanda ne, wanda ya shiga aiki da ƙarfin ƙafa shi ke saurin tashi.

Jiran nan yana da iyaka. Idan ƙafafunta suka fara mutuwa da sauri, ko ta ji tsakanin cinyoyinta ya dushe, ko fitsari da bayan gida suka fara kufce mata ko fitsarin ya ƙi fita, ba maganar wata uku, a ranar za ku kai ta asibiti.

Game da fita waje, ban ce haramun ba ne. Akwai ƙwararru a Indiya da Masar, akwai asibitin FOCOS a Accra ta Ghana, wanda Dokta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, da ya yi suna kan gyaran karkatar baya. A gida ma akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, inda za ku iya neman ra'ayin likita na biyu idan hankalin Yaya bai kwanta ba. Amma duk inda za a je, da wannan sukari da wannan ƙashi za a tafi. Wanda ya ce zai yi cikin sati biyu, ku aika masa sakamakon gwaje-gwajen ku ji me zai ce, in ya ce ba komai to ku yi hattara da shi. Sannan ku tambayi kanku wa zai duba ta idan ɗinki ya fara ruwa sati uku bayan an dawo Gusau. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan babban aiki tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, don haka likita ne zai sa ranar dawowa, ba tikiti ba. Kuma kada ku baro asibitin sai da cikakken rahoton aikin, da sunan kamfanin ƙarafan da irinsu, da hotunan kafin aiki da bayansa, domin wanda zai gyara wata rana sai ya san me ke ciki.

Ko a gida ko a waje, ku tambayi likitan sau nawa yake irin wannan aiki a shekara, ko akwai na'urar da ke lura da jijiyoyin laka yayin aiki, ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da isasshen jini, da kuma dabarar da zai yi don kare gaɓar da ke saman ƙarafan. Likitan ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Bayan aiki, a nan naki aikin zai fara. Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne za su tashe ta washegari ko jibi, ta zauna, ta tsaya, ta yi taku. Tausayi zai sa ki so a ƙyale ta ta huta. Kada ki hana su. Kwanciya ita ke kawo daskarewar jini, da ciwon huhu, da gyambon kwanciya, da kumburin ciki. Ki riƙa tuna mata ta ja dogon numfashi sau da yawa kowace awa, ta motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, ta bar safar matse ƙafa a jikinta. Tsofaffi kuma sukan ruɗe bayan dogon aiki, su yi sambatu, su kasa gane mutane, musamman da dare. Kafin a fara zancen iska ko sammu ki sanar da ma'aikatan jinya, domin sau da yawa magani ne, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa ko iskar numfashi. Addu'a ki yi ta yi, amma a duba ta. 'Yan dubiya kuma a taƙaita su, kowa ya wanke hannu, kada a buɗe bandeji don nuna wa dangi, lemon kwalba da suke kawowa a ba yara.

Gidan ma sai an shirya shi tun kafin ta dawo. Doka uku ce a watannin farko: ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo huɗu zuwa biyar. Ki duba rayuwar tsohuwa a gidan Bahaushe ki ga yadda kusan komai a ƙasa yake. Katifar ƙasa da tabarma sun tashi, a samo gado mai tsayin da za ta zauna ƙafarta na taɓa ƙasa, da kujera mai tauri mai hannu. Masai na tsuguno shi ne babban abin damuwa, a sayi kujerar bayan gida ko kafinta ya ƙera mai ƙwari, a sa abin dafawa a bango, wanka kuma a kan doguwar kujera. A kawar da ledar ɗaki mai santsi da igiyoyin waya, a ajiye tocila kusa da gado, faɗuwa ɗaya tana iya rusa komai. Tashi daga kwance, ta juya gefe kafaɗa da ƙugu tare, ta sauke ƙafafu, ta tura jiki da hannu. Masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da motsa jiki, za su koya muku, ki tsaya ki koya da kyau. Shara, wanki, jan guga, ɗaukar jika ko goya shi, duk a'a, ko da ta ce ta ji sauƙi. Kuma za ta ce, domin zafi yakan tafi tun ƙashi bai manne ba, kuma a wannan tsakanin ne mutane suka fi yi wa kansu ɓarna. Babur a manta da shi, adaidaita sahu a hanya mai ramuka ma haka, in tafiyar mota ta kama a riƙa tsayawa tana saukowa tana takawa. Idan an ba ta rigar ɗaure baya ta sa yadda aka ce, ko da zafi ake.

Na san salla ce za ta fi tsaya mata a rai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini da ba shi da lafiya ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, kuma hadisin yana cikin Bukhari. Hajiya ta yi a kujera, ta yi nuni da ruku'u da sujada ba tare da lanƙwasa baya ba, ke kuma ki wanke mata ƙafa wajen alwala. Ki samo malamin da take girmamawa ya faɗa mata da bakinsa, za ta fi karɓa. Ku kuma tambayi likita tun yanzu ko za ta iya komawa sujada a ƙasa daga baya, domin wanda aka ɗaure masa baya har ƙugu ba ya sake lanƙwasuwa kamar da, kuma hakkinta ne ta san wannan kafin ta amince da aikin. Idan azumi ya riske ta tana jinya, ga sukari, ta sha ta rama ko ta ciyar bisa abin da likita da malam suka ce.

Wurin ɗinkin kuma a bar shi a bushe, a tsabtace. Ba gashi da ruwan zafi, ba tausa, ba ƙaho, ba shafa man kaɗanya ko zuma ko wani gari a kan ɗinki, kuma kada mai ɗori ya taɓa bayan nan komai sunan da ya yi. Magungunan kashe zafi suna ɗaure ciki, yunƙuri kuma ba shi da kyau, don haka ruwa da ganye da maganin sassauta ciki in an rubuta. Sukari a ci gaba da aunawa kullum, maganin ƙashi kuma ba a ajiye shi don an gama aiki.

Ki rubuta waɗannan ki manna a bango, duk wanda ya bayyana a koma asibiti ba jira: zazzaɓi, kuma kada a ce maleriya ce a tsaya a kemis, ɗinki ya yi ja, ya kumbura, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ciwon ƙirji ko haki farat ɗaya, sabon rauni ko dushewa a ƙafa, rikicewar fitsari ko bayan gida, ciwon kai mai tsanani idan ta tashi zaune wanda ke lafawa in ta kwanta, sabon ciwo a saman wurin aiki, ko jin wani abu ya ɓalle, ko ki ga ta fara rankwafawa kuma. Ranakun komawa ganin likita, waɗanda yawanci sukan kama sati shida, wata uku, wata shida, shekara ɗaya da shekara biyu, a je ko tana jin garau, saboda hoton da ake ɗauka tana tsaye yakan nuna matsala tun jiki bai ji ba.

Shi kuma Yaya, kada ki ja da shi a gaban Hajiya. Ki roƙe shi ya raka ku ganin likita, ko a kira shi a waya yana ji, ya yi tambayoyinsa da kansa. Ki nuna masa cewa wata ukun nan akwai aikin da ke jiransa: kuɗin maganin ƙashi, na'urar auna sukari, gado, kujerar bayan gida, da ajiyar wani abu a gefe don abin da ka iya tasowa. Ke ma ki nemi wadda za ku riƙa karɓa-karɓa, jinyar nan ta watanni ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. A tambayi Hajiya ita ma me take so, a yi mata bayani da Hausa har ta gane, bayanta ne za a buɗe.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa a yi a sa'a.